Bayan gara ta ci littattafaina: inda darussana suka koma

Daminar shekara uku da ta wuce na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gadona zan ɗauko littafin da na rubuta kirarin maƙera, sai saman kwalin ya biyo hannuna, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ce. Ta biyo jikin bango ta shiga, ta yi gininta a tsakanin littattafan, ta cinye cikinsu ta bar mini bangwaye. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wani mai jan bango, wanda na cika shi a maƙerar wani dattijo a garinmu, yaronsa na zuga, shi yana bugu yana faɗa, ni ina kan turmi ina rubutawa. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Shafi huɗu kaɗai na tsira da su.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, ina ɗaukar manyan azuzuwa, masu shirin WAEC da NECO. Duk wanda ya koyar da wannan darasi ya san shi kansa bishiya ne. Manyan rassa uku: Harshe, Adabi, Al'ada. Adabi ya rabu biyu, na baka da rubutacce. A ƙarƙashin na baka ga tatsuniya, ga karin magana, ga kacici-kacici, ga kirari, ga waƙoƙin baka. Al'ada kuma ta haifi aure da haihuwa da mutuwa da sana'o'in gargajiya, su kuma sana'o'in suka haifi noma da ƙira da jima da rini da saƙa da wanzanci da fawa. Haka abin yake zaune a kaina tun ina ɗalibi, kuma haka nake so ya zauna a duk inda zan ajiye shi.

Bayan ɓarnar gara sai na koma waya. Na sauke wata manhaja da ake yayi, na yi wata bakwai ina zuba rubutu a cikinta. Wata safiya na buɗe zan ƙara darasi, sai ta ce na kai iyakar abin da ake bai wa masu amfani kyauta, in ina son ci gaba in biya, kuma da dala. Da na nemi in kwashe kayana in fita, sai da na yi ta kwafo shafi ɗaya bayan ɗaya da hannu, dare huɗu. A lokacin na gane gara ba iri ɗaya ba ce.

Wani tsohon ɗalibina da ke gyaran kwamfuta a kasuwar Farm Centre a Kano shi ya fara wayar mini da kai. Na kai masa laftof ɗina ya sauya mini batir, ina ba shi labari, sai ya ajiye abin kwance noti ya ce, "Malam, ai kyauta daban, 'yanci daban. Waccan kyauta suka ba ka, kuma mai kyauta yana iya janye hannunsa ran da ya ga dama. Ka nemi wadda ko mai ita ya mutu ba za ta mutu ba."

Daga baya na bi diddigin maganarsa. Tunanin ya samo asali ne daga wani Ba'amurke, Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da aikin GNU, na samar da manhajoji masu 'yanci, a 1983. A wurinsu manhaja mai 'yanci ita ce wadda ta ba ka izini huɗu: ka yi amfani da ita a kan duk abin da ka ga dama, ka duba cikinta ka gyara, ka raba wa wasu, ka kuma raba wadda ka gyara. Ni ban iya duba cikin manhaja ba, kuma ba na jin zan iya. Amma izini na uku nawa ne kai tsaye, domin ina iya saka wa abokin aikina ita a filashi ba tare da na ci haƙƙin kowa ba. Na biyu da na huɗu kuwa suna yi mini aiki ta hannun wasu: in wanda ya ƙirƙiro ta ya gaji, wani na iya ɗauka ya ci gaba. An ga haka a kan Trilium Notes, wata manhajar ajiye rubutu, wadda mai ita ya sanar a farkon 2024 cewa ya rage hannu a kanta, sai wasu suka ɗauka suka ci gaba da ita da sunan TriliumNext.

Da na shiga gwaji sai na lura manhajojin nan gida biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai sha wahalar zaɓi. Akwai masu jera shafuka: a gefen hagu ga bishiya, ka taɓa reshe, shafinsa ya buɗe a dama. Su CherryTree da Zim da Joplin ke nan. Akwai kuma masu jera layuka, inda kowane layi ɗaya na rubutunka yana iya haifar 'ya'ya a ƙarƙashinsa, ka naɗe su ka warware. Su Org-mode da Logseq ke nan.

Org-mode ta burge ni ƙwarai. Wani masanin taurari, Carsten Dominik, ya fara ta a 2003 a cikin wata manhajar rubutu mai suna Emacs. Dabararta mai sauƙi ce: alamar tauraro (*) ɗaya a farkon layi babban kai ne, biyu ɗansa, uku jikansa. Ka danna Tab, reshe ya naɗe. Ka sake dannawa, ya warware. Kana iya ɗaga reshe sukutum da 'ya'yansa ka kai shi sama ko ƙasa da madannai biyu. Ga mai tsara babin littafi ko jadawalin zango, ban ga kamarta ba. Sai dai Emacs makaranta ce mai zaman kanta, tana son a ba ta lokaci, ni kuwa ina da takardun gwaji ɗari biyu da wani abu suna jiran jan biro. Na ajiye ta da niyyar komawa a dogon hutu.

Joplin, wadda Laurent Cozic ya fito da ita a 2017, ita ce ta fi dacewa da wanda rayuwarsa ke kan waya. Tana aiki a Android da kwamfuta, littafi na shiga cikin littafi, tana daidaita rubutu tsakanin na'urori ta Dropbox ko OneDrive ko Nextcloud, kuma tana iya kulle shi yadda ko masu ajiyar ba za su karanta ba. Na ba ƙanwata shawarar ta ɗauke ta don karatunta na aikin jinya, har yau da ita take aiki. Ni dai laftof ɗina tsohuwa ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma yawancin aikina da dare nake yi a gida, inda sabis sai an fita tsakar gida, don haka ban ɗauke ta ba.

Gasar ta rage tsakanin biyu, CherryTree da Zim, kuma a nan na daɗe.

CherryTree aikin wani ɗan Italiya ne, Giuseppe Penone. Ranar farko da na buɗe ta na ji kamar don ni aka yi ta. Cikin awa ɗaya na kafa rassan nan uku da 'ya'yansu. Ana jan reshe da linzami a sauke shi ƙarƙashin wani, ana sa launi, ana sa hoto da jadawali a cikin shafi, ana neman kalma a duk bishiyar lokaci guda. Tana iya tattara komai a fayil ɗaya, ko mai ƙarshen .ctd ko .ctb, in kuma kana son kalmar sirri sai ya koma .ctz ko .ctx. Fayil ɗaya abu ne mai daɗin ɗauka, ka jefa a filashi ka tafi. Wata uku na yi da ita, ba ta taɓa ɓatar mini da ko harafi ba.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kullum in na kalli fayil ɗin nan guda ɗaya sai kwalin ƙarƙashin gado ya faɗo mini a rai: komai a wuri ɗaya. Na san tana ajiye kwafin baya, na san tana iya fitar da rubutu zuwa wasu sigogi. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai da na ga yadda Zim ke yin nata.

Zim wani mutumin ƙasar Holan ne ya rubuta ta, Jaap Karssenberg. Fuskarta ba ta da ado, har ɗalibin nan nawa ya ce ta yi kama da kayan da. Abin da ya ja ni yana bayan fage. Kowane shafi da ka rubuta fayil ne na rubutu zalla mai ƙarshen .txt, kuma in shafi ya haifi 'ya'ya sai ta buɗe folda mai sunansa ta zuba su ciki. Na rufe manhajar gaba ɗaya, na shiga cikin kwamfuta da ƙafata: ga foldar Al'ada, a cikinta ga Sana'o'i, a cikinta ga fayil ɗin Ƙira. Na buɗe shi da Notepad, sai ga rubutuna yana kallona, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan da lanƙwasarsu. Bishiyar da nake gani a manhaja ita ce dai bishiyar foldojin. Ko yau aka wayi gari babu Zim a duniya, darussana suna nan a jere yadda na jera su, kuma kowace kwamfuta za ta karanta su. A kan wannan na yanke hukunci, ba a kan yawan abin da manhaja ta iya ba.

Rubutu zalla ya yi mini wani amfani da ban zata ba. Tsofaffin bayanaina na waya duk da waƙafi a sama na rubuta su, k' da d' da b', don lokacin ban san Gboard, madannin rubutu na waya, na da haruffan Hausa ba. Sababbin kuma da ƙugiya. To in na nemi "ƙira" ba na samun wuraren da na rubuta "k'ira", in kuwa na nemi "kira" sai a kawo mini kiran sallah da kiran suna. Ga malamin da ke cire wa yara maki a kan ƙa'idojin rubutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yake fayilolin a buɗe suke, sai na ɗauki Notepad++, wadda ita ma mai 'yanci ce, na ce ta bi duk foldar ta mai da kowane k' ya koma ƙ, haka d' da b'. Kafin shayina ya huce an gama. 'Y ɗin dai na bar ta yadda muke rubuta ta a Najeriya, duk da na san 'yan'uwanmu na Nijar ƴ suke sawa. Wanda zai yi irin wannan, ya fara kwafe foldar a gefe tukuna.

Akwai matsalar da kowace bishiya ke da ita, kuma gara in faɗe ta. Abu ɗaya yakan zama ɗan gida biyu. "Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe" karin magana ce, gidanta Adabin baka. Amma ran da nake koyar da sana'ar ƙira ina son ta zo hannuna ba tare da na tafi nema ba. Haka kirarin maƙera: Kirari ne ko Ƙira? Da farko kwafi biyu nake yi, sai in gyara ɗaya in manta da ɗayan, bayan zango guda su saɓa. Trilium ta magance wannan da barin shafi ɗaya ya rataya a rassa da yawa lokaci guda. A Zim hanya biyu nake bi. Ina ba abu gida ɗaya tak, sannan daga ɗaya reshen in ja masa mahaɗi, kuma manhajar kan nuna mini duk shafukan da ke nuni zuwa wanda nake kai. Sai kuma alama: in na rubuta @ƙira a cikin kowane shafi, ko yana wane reshe, ina iya tara su duka wuri ɗaya. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, bishiya ta bi tsarin manhajar karatu, alama kuma ta bi yadda nake koyarwa a aji.

Na kuma koyi kada in zurfafa. Akwai lokacin da na kai hawa bakwai a ƙarƙashin waƙoƙin baka, na raba makaɗan fada da na jama'a da na sana'a, kowanne na sake raba shi, har ya zama kafin in kai ga abin da nake nema an buga ƙararrawa. Yanzu hawa huɗu ne iyakata. In reshe ya nemi na biyar, alama ce shafi ɗaya mai kanun ciki zai wadatar.

Inda Zim ba ta kai ba shi ne waya, don ba ta da manhajar Android tata. Markor nake amfani da ita, tana gane salon rubutun Zim, ina buɗe darasi a aji in duba. Daidaitawa kuwa da igiyar caji nake yi ranar Asabar, in kwafe foldar zuwa waya, in kwafe zuwa filashi biyu. Ɗaya yana aljihun jakata, ɗaya yana gidan yayana a wata unguwa, ina sauya su duk ƙarshen wata. Duk foldar, aikin shekara uku, ba ta kai nauyin bidiyon biki ɗaya da ake turo wa mutum a WhatsApp ba.

Zangon da ya wuce aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa da ta karanta Hausa, aka ba ta aji ɗaya daga cikin nawa. Na saka mata Zim da foldar gaba ɗaya. Bayan mako biyu ta same ni a ofishin malamai ta ce, "Malam, na ga reshen rini babu komai a ciki sai sunansa. Kakata marina ce ta haife ta, in ka yarda in cike shi." Ta dawo da shafi shida a kan baba da toka da yadda ake tada karofi, da kalmomi uku da ban taɓa ji ba. Na jefa fayil ɗinta cikin foldar Sana'o'i, da na buɗe manhajar sai ga shi ya zauna a gurbinsa.

Shafuka huɗun da suka tsira daga gara na buga su tun a makon farko, na kuma ɗauki hotonsu na liƙa a shafin, da cin garar a gefensu. A ƙarƙashin Ƙira akwai wani reshe da na sa wa suna "Abin da ya ɓace", na jera kanun da nake iya tunawa daga littafin mai jan bango: sunayen guduma da awartaki da uwar maƙera, kirarin da ake yi wa wuta, abin da ake faɗa ranar da yaro ya fara riƙe zugazugi. Yaron da ke zuga a wancan lokaci shi ke riƙe da maƙerar yanzu. Na aika masa, ya ce in zo bayan an gama girbi, lokacin aikin lauje ya lafa.