Godiya ga mutanen Maiurno da Gadarif

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Juma'a muka yi walimar saukar Alƙur'ani a makarantarmu ta allo da ke Wad Madani a ƙasar Sudan, ta farko tun dawowarmu gida. Akwai bashin godiya a wuyana, bari in rage shi a bainar jama'a.

Da yaƙi ya ci Madani a Disambar 2023 muka nufi Maiurno, daga mu sai kayan jikinmu da gafakar mahaifina. Kawu, Allah ya saka maka da Aljanna. Ka kwashe buhunan dawa daga ɗaki ka shimfiɗa mana tabarma, ba ka taɓa tambayar yaushe za mu tafi ba. Ban yi mamaki ba. Garin da jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, wa zai koya masa karɓar mai hijira?

'Yan'uwa na Jidda da Makka, kuɗinku ta Bankak, manhajar banki ta waya, ne suka riƙe mu. Ko a Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke, sai da kuka san yadda kuka yi saƙo ya iso.

Da faɗa ya kai Sinja, babban birnin jihar da Maiurno take, a ƙarshen Yunin 2024 muka sake ɗaura kaya sai Gadarif, ga damina, ga laka har gwiwa. A can ne na so in jingine karatu, ina ganin yaron da bai ƙoshi ba ina shi ina hadda. Gwaggo ce ta hana ni. Ta ce, “Malam, gida aka ƙwace maka, ba baki ba. Tara su.” Wani kafinta a unguwar ya sassaƙa mana alluna na itacen aduwa, ya ƙi karɓar ko sisi. Tawada kuwa baƙin tukunya muka haɗa da ƙaro, abin da Gadarif ba ta rasawa. Matan takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, ku da kuke tsaye kan tukwanen adas da balila tun asuba, ku kuka sa yara suka iya zama a gaban allo. Sai an biya karatu kuke rabo, kuma na san dabara ce.

Mun dawo Madani bayan garin ya buɗe a Janairun 2025. Ba ƙofa, ba taga, maƙwabta da yawa ba su dawo ba, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, ciki har da Gwaggo da kwalara ta ɗauke a Gadarif. Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta wannan ya yi musu Fatiha.

Makaranta tana nan, bayan asuba da bayan la'asar. Mai yaro ya kawo shi, ko ba shi da allo.