Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Gurbin Ƙwarewa

Shekarun da na yi a asibitin ƙaramar hukuma bayan bautar ƙasa ba zan tsaya a kansu ba, aiki ne dare da rana.

Ƙannenmu suna yawan tambayata yadda ake shiga horon ƙwarewa, wanda muke kira residensi. Digirin likita kaɗai ba ya kai ka. Sai kana da cikakkiyar rajistar MDCN, wato hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, da lasisin shekarar da takardar bautar ƙasa, sannan ka ci jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Ni ta tiyata na ci. Daga nan ka zuba ido har asibitin koyarwa ya yi talla a jarida. Yawan gurbi kuwa kwaleji ce ke ƙayyade shi, gwargwadon manyan likitocin sashe da gadaje da kayan aiki.

Da aka yi talla na nema, na yi rubutacciyar jarrabawa, na shiga ganawa. Wani farfesa ya tambaye ni me zan yi in an kawo yaro da hanji a toshe da tsakar dare, babu jini a ajiye. Wannan ai abin da na saba ne, na amsa har ya gyaɗa kai. Sunaye suka fito, babu nawa.

Baffa ya ce, "Haba ɗana, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa." Lallai kwamitin bai taɓa ba ni haushi ba, sun ga masu cancanta da yawa, kujera kaɗan. Wanda ya ƙona min rai mutumin gidanmu ne, wanda na durƙusa na ce, "Yaya, ka rubuta min takardar shaida." Ya ce in bar masa. Bai rubuta ba, ya kuma riƙa faɗa a wajen suna cewa kaina ne bai ja ba. Maratayin ke nan, kuma har Baffa ya rasu bai san shi ne ba.

Da Allah ya zaunar da ni a irin wannan kwamiti, takardar shaida nake fara buɗewa. In babu, sai na tambayi yaro wa ya yi masa alkawari.

A wancan lokacin dai jiharmu ce ta ɗauki nauyina, na shiga a ƙarin gurbi, albashi daga gida, shi ma sai ya yi watanni bai zo ba. Yadda Hajiya ta sayar da tumakinta a kan haka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.