Satifiket Uku a Bango, Hukuma Ba Ta San Ko Ɗaya Ba

Ƙanwata, tunda kin ce kwalliya kike so ki riƙe a matsayin sana'a, matso in ba ki labarin wasu takardu uku da ke cikin jaka a ƙarƙashin gadona. Da can a bango suke rataye, kowace da gilashinta, ɗaya ma har da zanen ruwan gwal a gefe. Na sauke su ne ranar da wata ma'aikaciyar hukumar ba da lasisi ta jujjuya su, ta miƙo mini cikin mutunci, ta ce suna da kyau, sai dai ba ta ga awa ko ɗaya da za ta lissafa mini a cikinsu ba. A lokacin shekarata shida ina yi wa mutane kwalliya, kuma a ganina na gama ƙwarewa.

Ta farkon, mai ruwan gwal ɗin, a ajin kwana uku na samo ta. Malamar tana da ɗimbin mabiya a Instagram, ni kuma yawan mabiyan kaɗai na duba. Mun haura arba'in a zauren. Tana can kan dandamali da yarinya ɗaya a kujera, mu muna zaune muna ɗauka da waya kamar 'yan kallo. Kwana uku cur, hannuna bai taɓa fuskar kowa ba sai tawa. Yarinyar da aka gwada da ita kuwa fatarta sumul, babu ƙurji, babu tabo, irin wadda ko ruwa ka shafa mata za ta yi kyau a hoto.

Fuska ɗaya tak na koya, kuma ita na dinga liƙa wa duk wadda ta zauna a gabana. Asirina ya tonu ne a hannun wata dattijuwa da za ta je taro. Na labta mata fandeshan, na bi da hoda yadda na ga an yi wa 'yar shekara ashirin. Kafin rabin awa hodar ta kwanta cikin kowane layi na fuskarta, ta ƙara mata shekara goma. Ta dubi madubi ta daɗe, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Sannan ta nemi ruwa da sabulu. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Don haka kafin ki biya kuɗin kowane kwas, ki tambayi abin da ni ban tambaya ba. Ɗalibai nawa ne a hannun malama ɗaya? Cikin awannin da aka rubuta, nawa ne na kallo, nawa ne hannunki zai kasance a fuskar mutum? Kuma fuskokin su wa? Ki nemi inda za a sa ki yi wa tsohuwa, da mai ƙuraje, da mai maiƙon fuska, da mai busasshiyar fata, da namijin da zai shiga gaban kyamara. Ki kula da launin fata musamman. Likitocin fata suna da ma'aunin Fitzpatrick tun 1975, wanda ya kasa fata gida shida, amma kwasa-kwasai da yawa a gida biyu ko uku na farko, wato na masu hasken fata, suke tsayawa. Ki tuna a 2017 da kamfanin kayan kwalliya na Fenty Beauty ya fito da fandeshan kala 40 duniya ta ɗauka, don kawai an tuna da masu duhun fata. Malamar da ba za ta iya nuna miki dalilin da ya sa ake ɗan shafa kwalliya mai launin ruwan lemo a kan baƙin tabo kafin fandeshan ba, ko dalilin da ya sa wata hodar mai sinadarin silika ke fitowa fari fat kamar toka idan hasken kyamara ya doke ta, ba ta gama koyo ba ita ma, komai yawan mabiyanta.

Wancan duk abin kunya ne kawai. Wanda har yau nake jin nauyinsa daban ne.

Amarya ce da ƙawayenta biyar. Maskara ɗaya na yi musu amfani da ita, in fitar da tsinken, in shafa, in mayar cikin kwalba, in sake fitarwa. Ɗaya daga cikinsu idonta ya yi ja, ta ce rashin barci ne, ni kuma na yarda don ina sauri. Bayan kwana uku amaryar ta kira ni. Ita da ƙawayenta biyu idanu sun kumbura suna kwantsa, likita ya ce ciwon ido ne mai yaɗuwa. Makon farkon aurenta da baƙin tabarau ta yi shi. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido, ni kuwa idon wasu ya tsone ta hannuna.

Babu wanda ya taɓa gaya mini, cikin ajin nan na kwana uku, cewa tsinken da ya zo da maskara ba ya taɓa idon kwastoma. Akwai 'yan tsinkaye na yarwa, kowane sau ɗaya yake shiga kwalba, kowane ido da nasa. Jan baki da duk wani abu mai maiƙo ana yankar sa ne da ɗan cokali a ɗora kan faranti na ƙarfe, daga nan burushi ke ɗauka, domin ƙurjin zazzaɓin nan da ke fitowa a leɓe ƙwayar cuta ce ke kawo shi kuma tana bin jan baki. Jagira ana fiƙe ta tsakanin mutum da mutum, a goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Ba a hura wa burushi iska da baki. Soso na mutum ɗaya ne. Ki juya bayan kowane kaya za ki ga ɗan zanen gwangwani a buɗe da 6M ko 12M a jikinsa, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi, maskara kuwa wata uku ake so a yar da ita ko da ba ta ƙare ba. Gam ɗin gashin ido wani yana da sinadarin roba da ke tayar wa wasu borin jini, don haka tambaya ake fara yi kafin a sa. Mai jan ido kuma, haƙuri ake ba ta, ko da ita ce amaryar.

A da ina yi wa maganar lasisi dariya, ina cewa gwamnati me ta sani game da gyaran gira. Sai daga baya na gane ba girar ce ta dame su ba. Kaso mai yawa na jarrabawar lasisi a kan tsabta ne, da cututtukan fata, da sanin lokacin da za ki ajiye burushi ki ce wa mutum ya je ya ga likita. Iya kwalliyarki tsakaninki da kasuwa ne. Hukuma lafiyar wanda ke kujerarki take karewa.

Bayan abin da ya faru na yi niyyar gyara, sai na sake faɗawa wani ramin. Na shiga kwas na wata uku da aka ce yana da "amincewar ƙasa da ƙasa". Akwai tambari mai hoton duniya a saman takardar, ban kuma bincika ba. Shekaru bayan haka na gano ƙungiyar da ta amince da makarantar, mai makarantar ne ya kafa ta. Shi ya ba kansa shaida, ni na biya kuɗin tawada. Ta ukun ta intanet ce, bidiyo na kalla, na amsa tambayoyi, takarda ta fito daga firinta. Ba ta cancanci dogon bayani ba.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in rarrabe shi ne, takardu iri uku ne, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su. Akwai takardar halarta, wadda kowa zai iya bugawa, ma'anarta kin zo kin zauna. Akwai shaidar ƙwarewa daga wata cibiya mai zaman kanta wadda ba ita ta koyar da ke ba, ita ke tsara manhaja ta kuma sa ido kan jarrabawa, irin su VTCT da City & Guilds da CIBTAC a Birtaniya, ko CIDESCO da aka kafa a 1946 mai hedikwata a Zurik. Sannan akwai lasisi, wanda hukumar gwamnati kaɗai ke bayarwa, shi ne izinin yin aiki a karɓi kuɗi a inda doka ta tanadi haka. Duk makarantar da ta ce miki ita ke ba da lasisi, ki kama jakarki. Idan kuma ta ce wata cibiya ta amince da ita, kada ki tsaya kan tambarin da ke jikin talla. Ki shiga shafin cibiyar da kanki ki nemo sunan makarantar cikin jerinsu. A Ingila ma akwai rajistar Ofqual, hukumar da ke sa ido kan shaidun karatu, a buɗe ga kowa, inda za ki ga ko shaidar tana cikin waɗanda aka sani. Aikin minti goma ne, da na yi shi da ban yi asarar wata uku ba.

Dokar kuwa ba ɗaya ba ce, nan ne ma na fi shan mamaki lokacin da zama ya kai ni wata jiha a Amurka. A can babu lasisi na ƙasa gaba ɗaya, kowace jiha da hukumarta da lissafinta. Yawanci ma babu lasisin kwalliyar fuska zalla, sai dai ki shiga ƙarƙashin na kula da fata ko babban na gyaran gashi da jiki. A Kalifoniya na fata awa 600 ne, babban kuma awa 1,000 tun 2022, da can 1,600 ne. Niyok ma 600 da 1,000. Tekzas awa 750 take nema a na fata. Fulorida kuwa a 2020 ta cire shafa kwalliya zalla daga cikin abin da ke buƙatar lasisi. Cikin jiha ɗaya ma akwai togaciya: a Kalifoniya wadda ke aiki wa kamfanin fim ko talabijin, ko mai gwada kaya a kantin sayar da su, dokar lasisin ba ta hau kanta ba, amma wadda ke karɓar kwastoma a shagon gyaran jiki ta hau. Ingila ba ta neman lasisi don kwalliya, sai dai inshorar da za ta tsaya miki idan wani ya cutu, masu inshorar kuma su ne za su tambayi shaidarki. Da zarar kin shiga zanen gira da allura, wanda ke huda fata, sai kin yi rajista da ƙaramar hukuma. A Jamus mai kwalliyar dandamali da fim shekara uku take yi tana koyo kafin a ba ta shaidar sana'ar.

Kada ki haddace waɗannan lambobin, suna canzawa, kin ga Kalifoniya da kanta ta zaftare awa 600 a dare ɗaya. Ki ɗauki tsarin kawai. Ni daga makaranta na faro, ina fatan doka za ta biyo ni. Ke ki faro daga ƙarshe. A ina kike so ki yi aiki nan da shekara biyar, kuma wane irin aiki? Amare, ko fim, ko shago, ko ƙirar rauni da tsufa na 'yan wasa? Ki rubuta wa hukumar wurin kai tsaye ki tambayi abin da take nema da makarantun da take lissafa awanninsu, ki ajiye amsar a rubuce. Kada ki tambayi mai karɓar kuɗin makaranta, amsarsa ɗaya ce kullum. Daga nan sai ki zaɓi kwas. Idan kin gama kuma, ban da satifiket ki karɓi takardar da ta fayyace darussa da awannin kowane, da sa hannu da hatimi. Makarantu suna rufewa, kuma ita ce abin da wata hukumar za ta nema idan kika ƙaura. Ki kuma riƙe ranar sabuntawa, a Kalifoniya duk shekara biyu ne, a Niyok huɗu.

Abu biyu a gurguje. Akwatin kayan kwalliyar da ake cewa kyauta ne ga duk wadda ta yi rajista, kuɗinsa yana cikin kuɗin makaranta, ki nemi jerin abin da ke ciki kafin ki yi murna. Sannan ki nemo ɗalibar da ta gama shekara biyu da suka wuce, wadda ba makarantar ce ta haɗa ku ba, ki tambaye ta ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ban ce gajeren aji ba shi da amfani ba. Ga wadda ta riga ta yi tushe, kwana biyu wajen gwana kan ƙara mata dabara. Kuma rabin abin da na iya yau a bayan wata ƙwararriya na koye shi, ina riƙe mata jaka ina wanke burushi, ina kallon yadda take lallashin amaryar da ta fara kuka saura minti ashirin a fita. Wannan babu makarantar da ke koyar da shi, babu kuma hukumar da za ta lissafa miki shi.

Haka na koma aji ina da shekara talatin da ɗoriya, tsakiyar yara 'yan sha takwas, awa 600 daga sifili. Makon farko ko hoda ba mu taɓa ba. Wanke hannu muka yi ta yi, da koyon minti nawa kayan aiki za su zauna cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ranar jarrabawar gwaji burushi ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Hannuna har ya tafi zai ɗauka ya karkaɗe a ci gaba, yadda ya saba shekara shida. Na tsaya, na jefa shi cikin jakar kayan da suka ƙazantu, na tsabtace hannuna, na ɗauko wani. Mai sa ido ta rubuta wani abu a takardarta ta wuce kujera ta gaba.