Ƙararrawar firamarenmu

Jiya daga Jos na leƙa ƙauye, na biya ta firamarenmu, wallahi ƙararrawar nan tana nan rataye jikin mangwaro! Guntun ƙarfen dogo ne fa, tsofaffi sun ce daga tsohon layin Zariya zuwa Jos aka samo shi, wanda ya riƙa kwasar kuza har aka rufe shi a 1957. Ni ke buga ta a aji shida, kai lokacin ji nake ni ne gwamna. Yanzu tsatsa ta cinye wayar da aka rataye ta da ita, 'yan jari bola har sun zo tayi hedimasta ya fatattake su. Na ba shi kuɗin sarƙa da kwaɗo, ya ce Malam ɗan taɓa mana, ina bugawa yara suka kwaso a guje wai an tashi 😂