Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025: a rumfar cigiya

Abokina Dogo, mabiyin addinin Hindu, ya matsa min lamba sai da na bi shi birnin Prayagraj na Indiya, wurin Kumbh Mela, babban taron wankan ibada na mabiya addininsu. Tun ranar Laraba da aka yi turmutsitsin nan na asubahin Mauni Amavasya, babbar ranar wanka a taron, wanda hukuma ta ce mutum 30 sun rasu, Hajiya ke kirana a kan kada in kuskura in je. Sai jiya ta amince, bisa sharaɗin ba zan kutsa cikin cunkoso ba, kuma zan yi sallolina a kan lokaci.

Jirgin ƙasa daga Lucknow cike maƙil, a tsaye muka zo. An hana motoci shiga filin Kumbh Mela, don haka sai tafiyar ƙasa cikin sanyi da hazo, muka haye ɗaya daga cikin gadoji 30 da aka shimfiɗa a kan tankokin ƙarfe masu iyo. Gari guda na tantuna a kan yashin da ruwa ke shanyewa da damina. An buɗe taron ranar 13 ga Janairu, sai 26 ga wannan watan za a tashi, kuma sai bayan shekara 12 irinsa ke sake zagayowa wannan gari.

Sangam, wato mahaɗar kogunan da ake wankan, kam ya ba ni mamaki. Da idonka kana ganin inda Ganga mai ruwan laka ya haɗu da Yamuna mai duhun kore, kowanne da launinsa kafin su cakuɗe. Na uku, Saraswati, Dogo ya ce a imaninsu ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa. Ga ganuwar da Sarki Akbar ya gina a 1583 a gefe, ga fararen tsuntsaye suna bin kwale-kwale. Dogo ya ba ni riƙon jakarsa da takalmansa ya shiga. Ya nutsa, ya taso yana karkarwa, ya kamfaci ruwa da tafukansa ya ɗaga wa rana, sannan ya cika wata 'yar jarka da zai kai wa kakarsa. Addininsa daban, nawa daban, na tsaya a kan yashi ina kallo, kuma na ji daɗin ganin farin cikin da ke fuskarsa.

Shayi a kofin yumɓu. Wasu masu zuhudu sun shafe jiki da toka suna zaune gaban wuta. Abinci kyauta a kowane lungu.

A hanyar komawa ne abin ya faru. Lasifikoki tun safe ba su yi shiru ba, cigiya ake ta yi, har kunne ya saba. Dogo ya nuna min wata rumfa, ya ce tun 1946 masu aikin sa kai ke haɗa waɗanda suka ɓace da danginsu a nan. Muka tsaya mu huta a bakinta. A kan tabarma akwai wata tsohuwa, ƙafa ba takalmi, rigarta ba ta gama bushewa ba, ta ƙanƙame wani ƙullin kaya a ƙirji. Wurin wanka ta rabu da mijinta. Saurayin da ke rubuta sunaye ya durƙusa gabanta, Dogo yana fassara min a hankali.

Ya tambayi ƙauyensu, ta faɗa. Gundumarsu, ta faɗa, a jihar Bihar. Lambar waya, babu.

"Mama, sunan mijinki fa?"

Sai ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Ya sake tambaya, ya ce da sunan ne za a yi shela ya ji ya zo. Ta girgiza kai. Hawaye na zuba, leɓenta na rawa, amma ta ƙi. Dogo ya ce matan karkara na da ba sa ambaton sunan miji, girmamawa ce. Na ce masa ba sai ka yi min bayani ba.

Inna har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan mijinta Malam a bakinta ba. Hajiya ma ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai "wancan" ko "yayanku". Mu muna dariyar abin a gida. Yau na ga wannan kunyar a tsakiyar miliyoyin mutane, a bakin tsohuwar da ba ta da waya, ba ta iya karatu ba, kuma sunan nan ne zai fi saurin kawo mata mijinta, ta ƙi sakinsa. Zuciyata ta rabu biyu. Ina jin kamar in roƙe ta ta faɗa, ina kuma jin haushin wani mai tabarau da ke gefe yana tsaki yana cewa ƙauyanci ne.

Saurayin nan ya burge ni. Bai takura mata ba. Ya miƙa mata makirfo ɗin, ya ce ta yi kira da kanta yadda ta saba a gida. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kira "baban wane", da sunan ɗansu, cikin harshen Bhojpuri, murya na karyewa. Ta maimaita. Aka kawo mata shayi da bargo. Lokacin jirginmu ya matso, muka tafi tana zaune tana kallon ƙofar rumfa.

Duk hanya tunanin 2015 nake, shekarar da Hajiya ta sauke farali aka yi turmutsitsin Mina, yadda muka kwana muna buga wayarta ba ta shiga.

Bayan isha'i na kira ta na ba ta labari. Na ce, "Hajiya, da ke ce kika ɓace, aka ce sai kin faɗi sunan Baba, ya za ki yi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai shi ne zai neme ni. Allah Ya haɗa ta da nata." Ta tambaya ko na ci abinci.

Dogo ya yi alkawarin sa ɗan uwansa da ke can har ƙarshen wata ya leƙa rumfar gobe ya tambayo min. Ƙafafuna sun kumbura, ga rubutun da zan miƙa Litinin ko farawa ban yi ba.