Farin fure a cikin suna

Lahadi, New York.

Da hantsi na isa dandalin tunawa da waɗanda suka rasu a harin 11 ga Satumba, 2001. Shiga dandalin kyauta ne, gidan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ake yankar wa tikiti. Gurbin dogayen benaye biyu na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da harin ya rusa yanzu tafkuna ne masu kusurwa huɗu, kowanne ya kusa eka ɗaya. Ruwa na kwararowa ta bango huɗu, zurfin ƙafa 30, ya sake faɗawa wani rami a tsakiya da ido ba ya ganin ƙarshensa.

Sunayen mamatan da ke kan allunan tagulla a bakin tafkunan su suka tsayar da ni. Guda 2,983 ne, har da mutum 6 da bam ɗin Fabrairun 1993 ya kashe a wurin. Mutanen ƙasashe sama da 90 ne, da Musulmi da Kirista da sauransu. Huda tagullar aka yi, kowane harafi rami ne, shi ya sa da dare fitilar ƙasa ke haskowa ta cikinsu. Alluna 152 ne, kowane tafki 76. Ba a bi jerin haruffa ba: abokan aiki na kusa da juna, 'yan kwana-kwanan tasha ɗaya suna wuri ɗaya, haka fasinjojin kowane jirgi, kuma iyalai sun roƙi a sa wane kusa da wane. Wanda ya zo neman suna ba lambar allo zai sha zagaye. Gara ya duba shafin dandalin na intanet tun daga gida. A lambar allo, N tafkin arewa ne, S na kudu.

Tagulla tana da matsala. Da zafi takan ƙona hannu, da hunturu ta yi sanyi ƙarara, alhali an yi ta ne don a taɓa. Sai aka bi bayan allunan da bututu, ana sanyaya su ko a ɗumama gwargwadon yanayi. A ganina babu dabarar da ta kai wannan tausayi a duk ginin. Ruwan ma sai da kulawa: ganye da kwabban da mutane ke jefawa na taruwa a ƙasa, ma'aikata kan shiga da dare su kwashe.

Kowace safiya ana duba waɗanda ranar haihuwarsu ta zagayo, a soka farin fure a ramin harafin sunansu. Yau na ƙirga huɗu a tafkin kudu. Kusa da ɗaya wata dattijuwa ta shimfiɗa takarda a kan suna tana gogawa da fensir. Ta kwantar da shi ta gefe, don tsininsa zai huda takardar ya faɗa ramin. Wani yaro ya danne mata gefen takardar da tafin hannu saboda iska, har sunan ya fito fari a cikin baƙi.