Daga Yamai zuwa Tawa da salula a hannu

Motarmu ta bar Yamai bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, kuma tun daga gida na ƙudura cewa zan komo da hotunan ƙasar Adar domin yarana su ga inda kakanninsu suka fito. Hanyar ta kusa kilomita 550, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sannan a Tsernawa a karkata arewa.

A Dogon Dutsi direba ya ba mu ɗan lokacin karyawa, sai na taka zuwa inda ake hangen dutsen da garin ya samo sunansa. A ido dutsen ya cika wuri, amma a fuskar salula ya koma ɗan tudu can nesa, sama kuma ta cinye rabin hoton. Dalili shi ne kyamarar salula mai faɗin gani ce, tana kwaso duk abin da ke gabanta, abin da ke nesa kuma ya ƙanƙance. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu wannan babbar matsala ce, balle lokacin hazo, da sama ke zama fara fat. Sai na koma ƙarƙashin wani gawo, wanda ganyensa ya cika domin da rani yake toho, na sa gangar jikinsa a gefen hagu, reshensa ya rufe saman hoton, dutsen kuma ya bayyana a tsakaninsu. Itacen da ke kusa shi ya nuna nisan dutsen da girmansa.

Mun wuce Ƙonni ba tare da na ɗauki komai ba. Daga Badagishiri jajayen duwatsun Adar da rumbunan laka suka yawaita, amma hoto ta tagar mota mai gudu ba ya ƙayatarwa, don haka na bar wa idona.

Washegari kawuna ya raka ni tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas. Na kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara, na ɗora gaɓar tsallake a kan layin sama, domin abin kallo a ruwa yake: kwalekwalen masunta da shanun da suka gangaro shan ruwa. Kawu ya ce, "Ɗana, ka jawo su kusa mana, ai salularka tana iyawa." Na ce, "Kawu, ƙafata za ta jawo su." Jawo hoto da yatsu a yawancin salula yanka ne kawai, ba ya ƙara komai. Hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, yana da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, kuma idan aka yanke rabin kowane ɓangare, megafiksel 3 ne ke saura. Na matsa har bakin laka, na nemi izinin makiyayin kafin in ɗauka, na kuma bar sarari kaɗan a gefuna, saboda idan gaɓar ta fito a karkace, miƙar da ita lokacin gyara yana cin gefen hoto.

Da dare a gidan kawu na zauna gyara. Na rage sama da ƙasa, hoton ya zama mai faɗi kamar yadda tabkin yake kwance, na cire baƙar leda da ke kusurwar dama, na bar fili a gaban shanun ta inda suka dosa. Makiyayin yana can gefe, yanke shi abu ne mai sauƙi, amma ban yarda ba, domin tabkin wurin neman abincin mutane ne, kuma haka nake son yarana su san shi. Na ajiye hoton asali daban, sannan na tura gyararren zuwa Yamai ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada manhajar ta rage masa kyau.